Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi Kan Ciwon Hantsar Shanun Tatsa

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, mu waɗansu likitocin dabbobi ne da malaman dabbobi da masu karɓar madara a cibiyoyin tattarawa na jihohin Arewa. Muna magana ne da yawun makiyayan da muke yi wa aiki, da matan rugage waɗanda cefanensu ke cikin ƙwaryar nono, da masu ƙananan gonakin shanu na gefen birane waɗanda suka zuba jarinsu a shanun madara. Muna fatan kwamishinonin jihohi da daraktocin lafiyar dabbobi su ma za su ɗauki wasiƙar nan a matsayin tasu.

Mun yi murna da aka kafa wannan ma'aikata a watan Yulin 2024. Mun kuma sha jin jami'an gwamnati suna cewa ƙasar nan tana kashe kusan dala biliyan 1.5 kowace shekara wajen shigo da madara da dangoginta, don haka ake maganar inganta irin shanu, da noman ciyawa, da ruwan sha, da cibiyoyin tattara madara. Duk wannan daidai ne. Sai dai a ƙasa, a gindin saniya inda ake durƙusawa a yi tatsa, muna ganin an yi tuya an manta da albasa. Ciwon hantsa yana cinye madarar da ake ta lissafin za a samu, kuma har yanzu an bar makiyayi da shi, daga shi sai mai sayar da magani na ranar kasuwa.

Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane ɗaki da ƙofarsa, wato kan nono, kuma madarar wannan ɗaki ba ta gauraya da ta wancan. Kusan duk ciwon hantsa ta ƙofar nan yake shiga. Bayan an gama tatsa ƙofar ba ta rufewa nan take, tana ɗaukar aƙalla rabin sa'a, wani lokaci fiye da haka. Idan saniya ta kwanta a kan taɓo da kashi a wannan tsakanin, ƙwayoyin cuta sun sami hanya. Ƙwayoyin kuwa gida biyu ne. Akwai masu zama a cikin hantsa da fatar kan nono, irin su Staphylococcus aureus da Streptococcus agalactiae, waɗanda hannun mai tatsa da tsumman goge hantsa da robar injin tatsa ke ɗauka daga wannan saniya zuwa waccan. Akwai kuma na ƙasa, irin su E. coli da Klebsiella da Streptococcus uberis, masu zama a kashin shanu da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da gurɓataccen ruwa. Na farko tsarin tatsa ke maganinsu, na biyu bushewar makwanci. A nan ƙasar muna da ƙarin abubuwan da ke buɗe musu hanya: manyan kaska masu maƙalewa a hantsa su bar gyambo, kirci, ciwon baki da kofato mai fitar da ƙuraje a kan nono, ƙaya, ƙudaje da damina, da hunturu mai tsattsaga fata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne cewa ciwon da ya fi yin ɓarna ba a ganinsa da ido, kuma ba a ba kowa abin ganinsa ba. Makiyayi ya san ciwon hantsa idan ɗaki ya kumbura, ya yi zafi, ya yi tauri, saniya tana harbi idan an taɓa, madara ta fito da gudaji ko ta tsinke kamar ruwa ko ta zo da jini. Wannan kowa ya sani. Amma a garken da aka ga saniya ɗaya a haka, akwai wasu da dama da hantsarsu lafiya lau a ido, madararsu fara tas, alhali ciwon yana ciki yana cin naman da ke yin madarar. Abin da ke tona shi shi ne yawan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke malalowa cikin madara. Lafiyayyen ɗaki yawanci bai kai 100,000 a mililita ɗaya ba, idan kuwa ya haura 200,000 to akwai ciwo. A ƙasashen Tarayyar Turai madarar da matsakaicinta ya wuce 400,000 ba a karɓarta don abincin mutane. Mu a nan yawancin madarar da ake sayarwa ba wanda ya taɓa ƙirga nata. Sakamakon shi ne saniya tana raguwa a hankali, a ɗora wa rani laifi ko a ce tsufa ne, haihuwa ta gaba a tarar ɗaki ɗaya ya mutu murus. Saniya mai nono uku darajarta ta faɗi a kasuwar kara, ɗan maraƙinta kuma ba ya ƙoshi.

Abin da ke ƙona mana rai shi ne gwajin da ke gano wannan ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba. Tun 1957 aka fito da shi a Kalifoniya ta Amurka, shi ya sa ake ce masa gwajin Kalifoniya ko CMT. Wani farin faranti ne na roba mai mariƙi da gurbi huɗu, gurbi ɗaya ga kowane ɗaki. Za a tatse feshin farko biyu ko uku a zubar, a tatsi kaɗan a kowane gurbi, a karkata farantin har abin da ya rage ya zama kamar mililita 2, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a jujjuya a hankali na daƙiƙa 10 zuwa 15. Madarar lafiyayyen ɗaki tana nan tsararo tana bin farantin. Ta mai ciwo sai ta fara yauƙi kamar miyar kuɓewa, idan ciwon ya yi ƙarfi ta dunƙule a tsakiyar gurbin kamar farin ƙwai, ko an karkata ba ta zuba sai a dunƙule. Dole a karanta cikin daƙiƙa 20, don bayan haka yauƙin yana sakewa. Ba a dogara da shi a kwanakin farko bayan haihuwa lokacin dakashi, haka nan a ƙarshen tatsa idan madara ta kusa ƙafewa, domin a waɗannan lokuta yakan nuna yauƙi ko babu ciwo. Wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya koyonsa da hantsi ɗaya. Amma ka zaga shagunan magungunan dabbobi na garuruwanmu ka nemi farantin da ruwansa, za ka sha yawo, alhali allurai kala-kala ga su nan jibge har a kan tabarma.

Kuka na biyu ya shafi shanu masu jinin ƙetare. Bunaji ko Rahaji ko Bokolo da ake tatsar lita 1 zuwa 2 a rana, ɗan maraƙi ya shanye saura, hantsarta ƙarama ce a ɗame, ba ta faye wahala ba. Saniyar da aka haɗa da jinin Firiziyan hantsarta babba ce, tana sauka kusa da ƙasa, tana cika ta yi tsiyaya, kuma zafin ƙasarmu yana rage mata ƙarfin jiki. Idan aka ɗura wa shanu irin bijiman ƙetare, ko aka raba karsana masu tsada, ba tare da an canza yadda ake tatsa da inda ake kwana ba, ciwon ake wa kiwo. Hannun da ake jiƙawa da kumfar madara don ya yi santsi, a tashi daga saniya zuwa saniya ba wanki, shi ne babbar motar Staphylococcus. Tsumma ɗaya na garke duka ma haka. Jan kan nono da yatsa biyu ko danna shi da gaɓar babban yatsa yana raunata cikin ƙofar, tatsa da cikakken tafin hannu ta fi. Masu ƙananan injinan tatsa kuwa da yawa ba a gaya musu cewa robar da ke kama kan nono ana canza ta bayan tatsa 2,500 ko wata shida ba, ko cewa ƙarfin zuƙar injin yana da ma'auni da ya kamata a riƙa dubawa. Robar da ta tsattsage ma'ajiyar cuta ce, injin da aka bari a maƙale bayan madara ta ƙare kuma yana mayar da bakin kan nono kamar kanta, ya daina rufewa da kyau. Sannan ana sayen saniyar tatsa a kasuwa a saka ta cikin garke a ranar, ba gwaji, ba killacewa.

Na uku shi ne magani, kuma a nan abin ya wuce asarar makiyayi ya shiga cikin kofin yaranmu. Da an ga kumburi sai a ɗauko allurar LA, wato ta kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, ko penisilin, a kimanta da ido, a yi sau ɗaya ko biyu, kumburi ya ɗan sauka a daina. Ƙwayoyin nan kuwa ba maganinsu ɗaya ba. Streptococcus agalactiae yana jin penisilin sosai, har ana iya kawar da shi daga garke baki ɗaya. Staphylococcus aureus yana gina wa kansa ƙananan ƙuraje a cikin nama inda magani ba ya isa, shi ya sa tsohon ciwonsa ba ya faye warkewa lokacin tatsa. E. coli mai sauƙi sau da yawa jikin saniya ke kawar da shi, amma mai tsanani yana iya kashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu: zafin jiki ya haura 39.5 a ma'aunin Salshiyos, ta ƙi kiwo, ido ya faɗa, madara ta koma ruwa-ruwa rawaya, daga baya jiki ya yi sanyi ta kasa tashi. Irin wannan abin da take buƙata da gaggawa likita ne, da ruwa mai yawa, da maganin kumburi da zafi, da tatse ɗakin akai-akai. Idan kuma kan nono ya yi sanyi ya koma shuɗi-baƙi bayan haihuwa, naman ya fara mutuwa, ran saniyar ake ƙoƙarin ceta. Akwai ma Mycoplasma, wanda magungunan da ake amfani da su ba sa yi masa komai. Wanda bai san da wa yake faɗa ba kuɗinsa kawai yake zubarwa, yana kuma horar da ƙwayoyin su daina jin magani.

Ko maganin matsawa cikin kan nono ana kuskure a kansa. Iri biyu ne, na saniya mai tatsa da na wadda aka daina tatsa, kuma na biyun an yi shi ne ya zauna makonni a hantsa. Idan aka matsa shi ga mai tatsa, madararta ta gurɓata na tsawon lokaci. Kafin a matsa kowanne, sai an tatse ɗakin ƙaf, an goge bakin kan nono da auduga da sifirit har audugar ta fito fes, a shigar da bakin bututun ɗan kaɗan kawai, kamar milimita 2 zuwa 3, ba a cusa shi duka ba. Wanda ya tsallake gogewar nan da hannunsa yake tura sabuwar cuta ciki.

Kowane magani yana da kwanakin da ba a shan madara bayansa, a rubuce a jikin kwali, na matsawa galibi kwana 3 zuwa 4 bayan na ƙarshe, na wasu allurai ya fi haka nesa. Ranka ya daɗe, a duba lissafin daga wajen mai saniya. Idan tana ba da lita 12 a rana, aka yi kwana 3 ana magani, aka ƙara kwana 4 na jira, lita 84 ke nan ake ce masa ya zubar. Babu mai biyansa, babu kuma mai gane ya zuba ta cikin bidon, wato mazubin tara madara, idan ya zuba. Gwajin da aka saba yi a wurin karɓa, na sifirit da na ma'aunin kauri, tsami da algus ɗin ruwa suke kamawa, ba sa ganin magani. Tafasawa ma ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Mace ta zuba irin nono da yamma ta rufe ƙwarya, da safe ta buɗe ta tarar madara ta ƙi kwana, tana nan tsararo da ɗan wari, domin maganin ya kashe ƙwayoyin da ke sa ta kama. Masu yin yogot su ma kan yi asarar tukunya guda saboda bidon ɗaya. Wadda kuma ta wuce ta shiga fura, mutane sun sha magani ba da saninsu ba. Madarar mai ciwon ita ma ba a cewa tafasa ta wadatar, don dafin da Staphylococcus ke saki idan madara ta daɗe a zafi ba ya mutuwa a wuta.

Na huɗu gajere ne. Masana muna da su: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, ga Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI, a Shika, ga tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri da sauransu. Abin da babu shi ne hanya tsakanin ruga da ɗakin gwaji. Samfurin madara yana son kwalba mai tsabta wadda ba a taɓa buɗewa ba, da ƙanƙara, ya isa cikin kwana ɗaya ko biyu ko kuma a daskarar da shi. Shuka ƙwayar a ɗakin gwaji don a gane ta kwana 1 zuwa 2 ne, gane maganin da take ji ƙarin kwana ɗaya. Malamin dabbobi na ƙaramar hukuma wanda ba shi da kwalba, ba kular ƙanƙara, ba man babur, ba zai aika komai ba.

Saboda haka muna roƙon waɗannan abubuwa kai tsaye.

A mayar da gwajin CMT wajibi a duk cibiyar tattara madara da duk shirin da gwamnati ke sa wa kuɗi, kowace saniya mai tatsa sau ɗaya a wata, a rubuta sakamakon ɗaki-ɗaki a kati mai ɗauke da sunan saniyar ko lambarta. A sa cibiyoyin bincikenmu su haɗa ruwan gwajin a gida bisa ma'auni, domin sinadarinsa dangin na sabulun ruwa ne da ɗan launi, bai kamata a ce sai an jira shi daga ƙetare ba.

A samar da ruwan tsoma kan nono mai aidin kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, wanda aka sa wa gilisarin saboda hunturu, a ƙananan robobi da kofin tsomawa, a farashin da mai saniya uku zai iya. Tun shekarun 1960 masu bincike a Ingila suka tabbatar da tsari mai ƙafa biyar: tsoma kan nono bayan kowace tatsa, magance wanda ya bayyana da wuri tare da rubutawa, maganin lokacin hutun tatsa, fitar da masu tsohon ciwo, da kula da inji. Abin da ya rage mana shi ne daidaita shi da rugarmu. A wurinmu ɗan maraƙi ke fara tsotsa kafin saniya ta saki madara, shi ne kuma ke ƙarasa saura, wanda hakan yana da amfani don yana ƙwalƙwale hantsa. Don haka bayan ya ɗan tsotsa a goge kan nono da tsumma mai tsabta na wannan saniyar kaɗai, a tatsa da busasshen hannu, a fara feshin farko a kan baƙin murfi don a ga gudaji, sannan tsomawa ta zo bayan maraƙin ya gama tsotsonsa na ƙarshe. A zuba mata harawa ko dusa a lokacin don ta yi rabin sa'a a tsaye. Masu haihuwar fari da lafiyayyu a fara da su, masu yauƙi a bar su ƙarshe, kuma kada a bar maraƙi ɗaya yana zagaya iyaye. Da damina a riƙa matsar da makwanci zuwa tudu, a kwashe kashi, a yi maganin kaska a hantsa da abin da aka yarda a sa wa mai tatsa.

A kai horon wurin masu tatsar da kansu. A wasu rugage mata ke tatsa, a wasu maza da samari, amma madarar hannun mata take komawa, su ne kuma ke fara lura idan ta canza. Taron otal da ake gayyatar shugabanni ba ya isa gare su. A ɗauki mata malaman gona da na dabbobi masu jin Fulatanci da Hausa, su je da asuba lokacin tatsa da farantinsu, a ƙara da shirye-shiryen rediyo a lokacin da makiyaya ke saurare.

Kada a sake raba saniya mai jinin ƙetare, ko a ɗura iri, sai an ga busasshen makwanci da ruwan wanki, an kuma koya wa mai ita hutun tatsa. Saniya tana bukatar kwana 45 zuwa 60 ba tatsa kafin haihuwa, a nan ne hantsa ke gyara kanta, a nan ne kuma magani ya fi cin tsohon ciwo. Wadda ta nuna ciwo a matsa mata maganin hutu a ranar tatsar ƙarshe a ƙarƙashin kulawar malami. Wadda ɗaki ɗaya ya tashi sau uku a zangon tatsa guda, wato daga haihuwa zuwa hutun tatsa, ko aka tabbatar da tsohon Staphylococcus ya ƙi magani, a ba mai ita shawarar fitar da ita. Mun san wannan magana tana da nauyi ga makiyayi, saniya ba kaya ba ce a wurinsa, wata ma gadon uwa ce. Shi ya sa muke roƙon a yi tsarin musanya ko ɗan tallafi, domin idan babu shi zai sayar da ita ne ga maƙwabci, ciwon ya koma wani garke.

A haɗa hannu da NAFDAC da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya a tsaurara sayar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kasuwannin ƙauye, a kuma sa a rubuta kwanakin jira a jikin kwali da Hausa, da boko da ajami, da manyan haruffa. A ba cibiyoyin karɓa abin gwada ragowar magani a madara. Amma gwaji shi kaɗai korar makiyaya zai yi su koma sayarwa a bakin hanya, don haka a haɗa shi da farashi: ƙarin 'yan nairori a kan kowace lita ga mai tsabtatacciyar madara, da biyan wani kaso na madarar da mutum ya kawo rahoto da kansa cewa saniyarsa tana kan magani.

A ƙarshe, a ware wa kowace jiha mai yawan shanu ɗakin gwaji aƙalla ɗaya da zai riƙa karɓar samfurin madara, da rana tsayayya a mako da babur mai kular ƙanƙara zai zaga cibiyoyi ya kwaso, sakamako ya dawo wa malamin ta waya cikin kwana huɗu. A tattara sakamakon a fitar da shi duk shekara, jiha-jiha, don likita ya san ƙwayar da ta fi yawa a yankinsa da maganin da har yanzu take ji. Muna roƙon a sa kuɗin farantai da ruwan tsomawa da kwalaben samfuri a kasafin ma'aikatar na shekara mai zuwa da sunansu, a kuma fara rabawa kafin ruwan farko ya sauka, tunda da damina ciwon ya fi tashi. A shirye muke mu horar da malaman da za a tura.

Allah ya taya riƙo, ya ba da ikon sauke nauyi.

Wassalam,
Waɗansu likitocin dabbobi, malaman dabbobi da masu karɓar madara daga jihohin Arewa